Shekarar da Gunki Ya Kwana a Ɗakina

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya ba ni baki bai ba ni alƙalami ba. Ni ce Mariyama mai kifi, ta unguwar bakin tafki a Madarumfa. Ban taɓa zama a lakwal, makarantar boko, ba, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mani. Wanda ke riƙe da biro yana rubuta maganata ɗana ne na fari. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, ku ma kun san ba a haka, in yana so ya sa da hannunsa. Baban Takwara nake ce mashi, don babbar ɗiyarsa sunana ta ci. Tun kafin mu zauna na gaya mashi akwai wuraren da labarin nan zai ci shi, kuma in ya rage kalma ɗaya zan sa a karanta mani in gane. Abin da ya sa na matsa a rubuta shi ne, kwanan baya ƙananan jikokina sun dawo gida suna kuka, wai an ce masu ƴan gidan mai gunki. To ku zauna ku ji yadda gunkin ya shigo gidan, da abin da ya ci mani.

Ubana Anne ne, mutumin wani ƙauye bayan Safo. Addinin kakanninsa ya bi, yana yanka a gindin tsamiya in damina ta kusa, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai ci haƙƙin kowa ba. Ban taɓa jin kunyarsa ba, yau ma ba na ji. Ni na musulunta ina budurwa, da son raina, na yi aure a garin nan, na yi salla a cikinsa har goshina ya yi baƙi. In mace ta rasu a unguwarmu ni ake aikowa in yi mata wanka, tun ina da ƙarfina har furfura ta cika mani kai. Wannan aiki ba a ba kowa shi, sai wadda aka tabbata bakinta na rufe. Na ɗauka mutanen Madarumfa sun san ni. Ashe ajiye mani asalina suka yi a gefe, suna jiran ranar da za su ɗauko.

Ina da aminiya, Rabi. Tare muke tarar masunta da safe, tare muke suya, kaskonta na kallon nawa. Tsawonmu ɗaya, jikinmu ɗaya, har bayanmu ya ranƙwafa iri ɗaya saboda tallan tire, in mun juya baya yara kan gaida ɗaya da sunan ɗaya. Bambancinmu yana ƙarƙashin mayafi. Wata shekara na faɗo daga amalanken jaki, ƙashin kafaɗata ta hagu ya karye, ya warke a karkace, ya bar mani tudu kamar dunƙulen hannun jariri. Rabi ce ta yi mani gashi da ruwan zafi har na warke, tana yi tana tsokanata wai na samu wurin rataye guga. Ban da ita da marigayi maigidana ba wanda ya san da tudun nan. A lokacin jinyar ne muka ƙulla alkawari, wadda ta riga tafiya ɗayar ce za ta yi mata wanka.

Shekarar da Takwara ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ubanta ya riga ya gama shirya mata rayuwa. Shi a Ɗan Issa yake aiki, bakin iyaka, yana cika wa ƴan kasuwa takardun duwan, wato kwastan, saboda haka a ganinsa duniya ba ta da aikin da ya wuce na duwan. Ita kuwa ta ce jami'a za ta je a Yamai ta karanta zanen tufafi. Suka kawo mani ƙara ina tsaka da fere kifi.

"Inna, ki yi mata magana," in ji shi. "A tafi har Yamai, har jami'a, don a zama tela? Ga Ɗan Ladi can bakin kasuwa, bai gama aji uku ba, kuma shi ke wa garin nan ɗinkin salla."

"Baba, ba taka keke kaɗai ba ne," ta ce, kanta a ƙasa. "Ana koyon zana tufa tun kafin a taɓa almakashi, da sanin yadi da rini, da yadda ake fitar da awo ɗaya a ɗinka wa jama'a da yawa. Wanda ya gama yana iya buɗe atiliye, wato shagon ɗinki nasa, ko ya yi wa masana'anta aiki, ko ya koyar, ko ya yi wa masu fim kaya."

"Masu fim. Kin dai ji da kunnenki, Inna."

Na ce, "Na ji. Kai da dilolin atamfa ke wucewa ta gabanka kullum, ka taɓa tambaya wa ya zana furen da ke jiki? Aljani ne? Wani ne ya haifi ɗa ya tura shi ya koyo, ku kuma kuna nan kuna buga wa aikinsa hatimi. A bar yarinya ta tafi."

Ta tafi, yana huci. Duk hutu in ta zo sai ya tambaye ta ko an kai ga darasin sa maɓalli. Ita dai sai ta yi murmushi. Haka aka yi ta yi har hutun daminar da ya rage mata shekara ɗaya ta gama.

Ranar da ta iso, mai kabu-kabu ya sauke ta da akwati da wani dogon abu a naɗe cikin buhu. Da ta kwance sai ga jikin mutum, daga wuya zuwa ƙugu, ba kai, ba hannu, ba ƙafa, a soke a kan sandar ƙarfe. Ta ce sunansa manikan, a kansa ake gwada tufa. Ta bayyana mani cewa kowane ɗalibi sai ya ɗinka kaya na kansa ya nuna wa malamai kafin a ba shi takardar diplom, kuma abokan karatunta duk rigunan amare suka zaɓa.

"Ni ke na zaɓa, tsohuwa. Sau nawa hannun rigarki ya kama wuta a bakin kasko? Sau nawa canji ya zube maki daga bakin zane? Kowa amarya yake wa ɗinki, ba mai tuna masu suya. Tashi tsaye in auna ki."

"Ki auna wa? Ni da na yi wankan jegon ubanki?"

"Tsaya ƙyam ko in soke ki da fil."

"Soke ni ki gani, mai kai kamar tulu."

Ta zagaye ni da santimeta ta ko'ina. Da ta zo kafaɗar hagu ta ji tudun, ta tsaya, ta ce ashe shi ya sa wuyan rigata kullum ke zamewa gefe guda. Ba ta tambaye ni komai ba, yarinyar tana da hankali. Sai ta samo auduga da tsummoki ta dinga cusa wa abin nan tana ɗaurewa, ta ƙara mashi ciki, ta ranƙwafa mashi baya, ta yi mashi tudun kafaɗa, har na shigo wata safiya na ga kaina a tsaye a tsakar ɗaki ba kai. Na yi dariya har na zauna. Na ba ta wani zanena ta yi gwajin farko da shi, zanen ankon sunan jikan Rabi, wanda ni da Rabi muke da irinsa. Ta yafa mashi, ta bi ƙirjin da filfil masu jajayen kawuna tana kama inda za ta yi tattara.

A daminar nan Rabi na kwance. Suka take ji a ƙirji, kamar ana caka mata allura, haka take faɗa wa duk wanda ya je dubiya. An kai ta likita a Maradi, sun ce zuciya ce. Ɗiyarta Saude ta baro ɗakin mijinta ta zo jinya. Wata safiya ina bakin tafki, Takwara na bayi tana wanka, Saude ta shigo aron rariya. Ta yi sallama ba a amsa ba, ta ɗaga labule. Ta ga tsohuwa ba kai, da bayan uwarta, da zanen uwarta, ƙirji cike da allurai. Takalminta ɗaya a tsakar gidanmu muka tsince shi. Kafin la'asar ba gidan da labari bai shiga ba, wai jikar mai kifi ta koyo sammu a Yamai, ita da kakarta sun yi gunkin Rabi suna soka, don a raba ta da wurin suyarta.

Tsoron ba shi nake tuhuma ba. Ni ma da ban san abin ba, da na ɗaga labulen nan sai gabana ya faɗi. Saude ta sha ganin irinsa a butik-butik na Maradi, amma waɗancan ƴan mata ne na roba masu siririn ƙugu, ba wanda ya taɓa ganin an yi na tsohuwa. Abin da ban yafe ba shi ne ba ta dawo ta tambaye ni ba. Ni na yanke mata cibiya. Kuma ba ita kaɗai ba, duk matan da na rufe wa asirin uwayensu, ba ɗaya da ta tako ta ce Mariyama mene ne wannan. Kalma ɗaya suka samu ta ishe su, wai jinin Anna ne ya motsa. Ubana da bai taɓa soka wa ko kaza allura ba, suka tono shi daga kabari suka jingina mashi.

Baban Takwara ya dawo daga masallaci fuskarsa kamar an shafa toka. Ya tsaya a ƙofar ɗakina bai zauna ba.

"Inna, na shiga sahu, na kusa da ni ya matsa. Ban iya ɗaga kai a garin nan. A fito da abin nan a ƙone shi a ƙofar gida kowa ya gani. Ita kuma karatu ya ƙare, ba ta koma Yamai. Dama na faɗa."

"Kai ka yarda tsafi ne?"

"Na san ba tsafi ba ne."

"Ka sani, kuma za ka ƙone."

"Mutane, Inna."

Rubuta, kada ka tsaya kana kallona. Haka ka ce, mutane.

Na juya mashi baya. Na shiga ɗakin Takwara, na zare abin daga sandarsa, na goya shi da zane kamar jariri, da filfil ɗinsa da komai, na fita da rana tsaka. Na bi ta bakin kasuwa da gangan. Yara suka watse, masu awon hatsi suka bar kwano a hannu. Na zarce gidan liman na sauke mashi a kan tabarma. Malam mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa. Ya juya shi, ya latsa audugar, na ga yana ɓoye dariya da hannun riga. Ya ce wannan kayan aiki ne, kamar uwar maƙera a wurin maƙeri, kuma zai faɗa a masallaci. Sannan ya rage murya. Ya ce tun da na ce siffata ce ba ta Rabi ba, kuma akwai alama a kafaɗa, me zai hana in shiga ɗakin uwargidansa, a kira manyan mata huɗu ko biyar su duba, magana ta mutu.

Na ce, "Allah gafarta Malam, matan garin nan ɗaya bayan ɗaya na tuɓe su a kan tabarmar wanka. Na ga mai kuturta a ɓoye, na ga mai tabon duka, ban taɓa faɗa wa ko maigidana ba. Yau ni zan tuɓe da raina, ƴaƴansu su jeru suna gwada ni da auduga? Wanda sallata ba ta ishe shi shaida ba, kafaɗata ba za ta ishe shi ba."

Akwai masu cewa girman kai ne ya hana ni. Su ce. Da za a mayar da ni ranar, amsar nan zan sake ba shi.

Mutum ɗaya ce a duniya za ta kalli tudun nan ta fashe da dariya ta ce ga wurin rataye guga. Na sake goya shi na nufi gidan Rabi. Babban ɗanta ya tare ƙofar zaure da jikinsa, bai ko gaishe ni ba. Daga ciki na jiyo Saude tana cewa kada a bar ni in shigo da shi. Na ce to in ajiye shi a waje in shiga ni kaɗai. Ya ce tana barci. Na tsaya a titi, ni da shekaruna, na ƙwala wa aminiyata kira har muryata ta dushe. Ban san ko ta ji ba. Ban san me suka gaya mata ba, ban san ko ta yarda ba, kuma wannan ne ke hana ni sakewa har gobe.

Daga ranar na kai shi ɗakina na tsayar a gefen gado, na ce duk mai son ƙone shi sai ya fara da ni. A nan Takwara ta ci gaba da ɗinkinta, tana yi tana share hawaye. Liman ya yi magana a masallaci kamar yadda ya ce, maza suka gyaɗa kai, suka koma gida matansu suka ci gaba da abin da suke faɗa. Kifina ya dinga kwana a tire. Wannan bai dame ni ba, na sha ganin kasuwa ta juya baya.

Rabi ta rasu lokacin da gero ya fara fitar da kai. Da hantsi na ji kuka ya tashi daga gidansu. Na yi alwala, na ɗauko ƙwaryata da sabulu da ganyen magarya, na yafa mayafi, na zauna a bakin gado. Mai wanka ba ta kai kanta, aikowa ake yi. Duk motsin da na ji a zaure sai in miƙe. Ina nan zaune har na ji tafiyar maza ta bayan katangarmu, sun ɗauko ta. Wata mata suka kira daga wata unguwa, wadda ba ta san Rabi ba ta son ruwa mai sanyi a bayanta ba. Na dubi abin nan a tsaye kusa da ni sanye da zanenmu, na mayar da ƙwarya inda take.

Da yamma na ji ƙarar ƙarfe a tsakar gida. Na fito na tarar Takwara ta jawo shi waje, kwalbar kananzir a hannunta, ubanta na tsaye yana kallo.

"Kaka, bari in ƙone shi. Na fasa karatun. Ni na jawo maki."

Ban taɓa ɗaga wa yarinyar nan murya ba sai ranar. Na ce, "Ajiye kwalbar nan. In kika ƙone shi yau, ranar da aka binne ta, kin gaya wa garin nan mun gama aikinmu ne muna ɓatar da sawu. An riga an karɓe mani wankan Rabi. Ba za a karɓe shi a banza ba. Za ki koma, ki tsaya gaban malamanki da shi, ki karɓo takardarki."

Na juya kan ubanta. Akwai maganar da uwa ke riƙewa duk rayuwarta ba ta so ta kai ga furta ta, kun san ta, maganar nono. Ban furta ba. Na dai ce mashi tana kan harshena, ya zaɓa. Ya sunkuya ya ɗauke kwalbar ya kai madafa.

Ranar komawarta shi ya ɗauki akwatin har tasha. Gunkin ni na goya. Direba ya ce a ɗaure shi a saman mota tare da buhunan albasa, na ce ba a ɗaure ni a saman mota, na sa aka ba shi kujera kusa da taga. Haka ya bar Madarumfa a zaune, mutane na leƙe.

Takwara ta gama. Yau tana da atiliye a Maradi da masu ɗinki a ƙarƙashinta, tana yi wa ma'aikatan wani asibiti kayan aiki, masu fim ɗin da ubanta ke tsoro suna zuwa har ƙofarta, kuma tana koyar da ƴan mata yanka da zane. Rigar da ta auna a jikina, mai matsattsen hannu da aljihu a ciki da wuyan da ba ya zamewa, yanzu rabin masu suya a bakin tafki ita ce a jikinsu. Na ga Saude da ɗaya, shuɗiya. Ubanta kuwa in ya zauna a Ɗan Issa sai ka ji yana cewa ɗiyata ta Maradi, kamar shi ya goya gunkin zuwa tasha. Bayan wani lokaci aka sake aikowa in yi wanka, na tafi, don gawa ba ta yi mani laifi ba. Amma har yau ba wanda ya tako ya ce Mariyama mun zalunce ki. Sun dai yi shiru, suna jira in manta, kuma ga shi ƴaƴansu na tsokanar jikokina da abin da su suka ƙaga.

Saboda haka ga wasiyyata, kuma kai mai rubutu ka danna biron da kyau. In ta Allah ta kasance, Takwara ce za ta yanka mani likkafani, ba ta bukatar awo, tana da shi. Wanka kuwa kada a kira kowa daga wata unguwa. A aika wa Saude. In ta ce ba ta iya ba, a tsaya a kanta a nuna mata. Ta cire mani mayafi da hannunta, ta juya ni, ta zuba ruwa a kafaɗar hagu, ta shafa ta da kyau, ta ga ko ta wace ce.